Milimita Huɗu a Kowace Ƙafa: Tarihin Rular da Ake Auna Ƙananan Jiragen Ƙasa da Ita

A shagunan da ke sayar da kayan ƙera ƙananan jiragen ƙasa a Birtaniya akwai wata rula ta ƙarfe wadda tsawonta bai wuce na rular ɗan makaranta ba. Lambobin da ke jikinta ƙafa suke ƙirgawa, amma kowane gurbi da aka kira ƙafa ɗaya faɗinsa milimita 4 ne cif. Wato a jikin abu guda an gama ma'aunin mita na nahiyar Turai da ma'aunin ƙafa da inci na Ingila, gamin da kowane malamin lissafi zai hana ɗalibinsa yi. Duk da haka, da wannan rula akasarin ma'abota wannan sha'awa a Birtaniya suke aiki, yau kusan shekara ɗari.

Sha'awar ita ce ta ƙera ƙaramin kwaikwayon jirgin ƙasa da tasharsa da gadojinsa da gidajen da ke gefen layi, a shimfiɗa su a kan tebur ko a kewaye ɗaki da su, lantarki yana jan jirgin. Galibin masu yinta manya ne, kuma burinsu kowane abu ya fito daidai da na gaske a tsawo da faɗi da tsayi, an dai rage girmansa ne kawai. Aikin rular shi ne tabbatar da wannan ragi. Sai dai rulolin suna da yawa, ba su jitu da juna ba, wadda ta fi yaɗuwa a Birtaniya ma ba ta jitu da layin da jirgin yake bi ba. Kowace ɗaya sakamakon wani sulhu ne da aka ƙulla tsakanin masana'anta da injiniya da mai saye. Wanda ya san yadda aka ƙulla sulhun shi ne zai san rular da zai nema, da kuma inda za ta gaya masa gaskiya.

Gwargwado daban, faɗin layi daban

Akwai abu biyu da ake yawan rikitawa. Na farko shi ne gwargwado, wato sau nawa aka rage girman abin gaske. Idan aka rubuta 1:87, ana nufin kowace santimita ɗaya a jikin ƙaramin jirgi tana wakiltar santimita 87 a jikin babban. Na biyu shi ne faɗin layi, wato tazarar da ke tsakanin gefen ciki na ƙarafan dogo guda biyu.

A jiragen gaske, faɗin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne ƙafa 4 da inci 8 da rabi, ko milimita 1,435. Asalinsa daga layukan ɗaukar kwal ne na arewa maso gabashin Ingila, inda George Stephenson ya koyi aiki, kuma shi aka shimfiɗa tsakanin Liverpool da Manchester a layin da aka buɗe a 1830. Isambard Kingdom Brunel ya zaɓi faɗin ƙafa 7 da kwatan inci a layinsa na yammacin ƙasar, aka yi ta jayayya har majalisa ta yi dokar 1846 wadda ta fifita faɗin Stephenson. Sai a 1892 aka gama sauya ragowar layin Brunel.

A lissafi, faɗin layin ƙaramin jirgi ya kamata ya fito ne daga gwargwado: a raba 1,435 da adadin ragin, a sami amsa. A tarihi kuwa akasin haka aka yi. Layin aka fara ƙerawa, daga baya aka zo ana neman gwargwadon da zai dace da shi.

Rular ɗakin zane

Rular gwargwado ta girmi ƙananan jiragen nesa ba kusa ba. Masu zanen gine-gine da safiyoyi da injiniyoyi sun daɗe suna aiki da ita, domin ba a iya zana gada ko kan jirgi a takarda da girmansa na gaske. A ɗakunan zane na kamfanonin jiragen ƙasa na Ingila a ƙarni na 19, da katako mai tauri ko hauren giwa ake yinta, kuma duk ragin da ke jikinta yankin inci ne a madadin ƙafa: inci ɗaya da rabi, inci ɗaya, rabin inci, kwatan inci, har zuwa ƙasa. Tun da ƙafa inci 12 ce, lissafin a sauƙaƙe yake fitowa. Kwatan inci a madadin ƙafa shi ne 1:48. Uku bisa takwas na inci shi ne 1:32. Ɗaya bisa takwas shi ne 1:96.

Hikimar rular ita ce ta ɗauke wa mai aiki wahalar lissafi. Yana ɗora ta a kan zane, yana karanta ƙafa da inci na gaske kai tsaye. Da masu ƙera ƙananan jirage sun tsaya a kan waɗannan yankunan inci, da ba a taɓa buƙatar wata rula ta musamman ba. Abin da ya hana haka daga Jamus ya fito.

Leipzig, 1891

A ƙarshen ƙarni na 19 Jamus ce kan gaba wajen ƙera kayan wasan yara na ƙarfen gwangwani. A bikin baje kolin Leipzig na 1891, kamfanin Märklin na garin Göppingen ya nuna jirgin wasa mai wani irin na agogo, tare da layi gunduwa-gunduwa da ake harhaɗawa, kuma ya ba wa faɗin layukansa lambobi: 1, 2, 3. Dabarar ta ciniki ce. Wanda ya sayi jirgi bana zai dawo baɗi ya sayi ƙarin layi da tarago, yana da tabbacin za su shiga juna. Sauran masana'antu suka bi sahu. Faɗi mai lamba 1 ya tsaya a milimita 45. Bayan 'yan shekaru aka fito da wanda ya fi shi ƙanƙanta, milimita 32, kuma da yake babu lamba ƙasa da 1 sai sifiri, aka kira shi 0. Masu jin Ingilishi suka riƙa karanta sifirin a matsayin harafin O, sunan ya zauna.

A wannan mataki babu mai maganar gwargwado. Jirgin wasa ne: in ya hau layi ya zagaya bai faɗi ba, buƙata ta biya. Tarago yana iya zama gajere ƙwarai, bututun hayaƙi ya yi tsayi fiye da kima, ba wanda zai ɗauko rula.

Greenly da auren ƙafa da milimita

Wanda ya ɗauko rula wani ɗan kasuwa ne na garin Northampton, W. J. Bassett-Lowke. A baje kolin Faris na 1900 ya ga ingancin aikin masana'antun Jamus, musamman kamfanin Bing na Nuremberg, ya ƙulla ciniki da su a kan su riƙa ƙera masa kwaikwayon jiragen Ingila na gaske. Mai yi masa zane shi ne Henry Greenly, injiniyan da daga baya ya zana kawunan jirgi na ƙaramin layin Romney, Hythe da Dymchurch da aka buɗe a 1927.

Greenly yana tsaye ne tsakanin duniyoyi biyu. Zanen jiragen da yake kwaikwayo da ƙafa da inci aka yi su. Maƙeran da za su yanka ƙarfen da milimita suke aiki. Ƙa'idar da ta kafu a zamaninsa, kuma shi ya fi kowa yayata ta a rubuce-rubucensa, ita ce a ba kowace ƙafa adadin milimita cikakke: 10 ga faɗi mai lamba 1, 7 ga faɗin O. Amfanin a bayyane yake. Tarago mai tsawon ƙafa 50 ya zama milimita 350, babu ɓurɓushin inci da za a yi ta fama da shi. Amma da aka juya ƙa'idar zuwa gwargwado sai ta haifi lambobi marasa kan gado. Ƙafa milimita 304.8 ce, in aka raba da 7 sai a sami 1:43.5, adadin da babu shi a jikin rular kowane ɗakin zane.

Wasu ƙasashe ba su bi Ingila ba. Amurkawa suka ɗauki kwatan inci a madadin ƙafa, 1:48, don su ci gaba da aiki da rular da suka saba, duk da cewa a wannan gwargwado layin O yana wakiltar ƙafa 5 ne, ya fi na gaske faɗi. Jamusawa suka tsaya a 1:45, wanda shi ya fi dacewa da milimita 32. Layi ɗaya, suna ɗaya, ruloli uku.

Rabin O, da inda hanya ta rabu

Bayan Yaƙin Duniya na Farko aka shiga neman jirgin da zai zauna a kan teburin gida, domin layin O yana cin ɗaki guda. A 1922 kamfanin Bing ya fito da jirgin tebur, da hannun Greenly da Bassett-Lowke a ciki, faɗin layinsa kusan rabin na O. Aka laƙaba wa wannan girma suna 00, sifiri biyu. A 'yan shekarun da suka biyo baya faɗin ya daidaita a milimita 16.5.

Lissafi mai sauƙi ya ce rabin 7 shi ne 3.5. Milimita 3.5 a madadin ƙafa shi ne 1:87.1, kuma in aka raba 1,435 da shi ana samun 16.5 kusan cif. A nan gwargwado da layi sun jitu. Wasu ma'abota a Landan, cikinsu har da A. R. Walkley na ƙungiyar Wimbledon, suka fara ƙera jirage a haka a tsakiyar shekarun 1920. Sunan HO da aka ba shi harufan farko ne na kalmomin Ingilishi masu ma'anar rabin O.

Cikas ɗin ya fito ne daga jiragen gaske. Da yake Birtaniya ce ta fara gina layukan dogo, gadojinta da hanyoyinta na ƙarƙashin tsaunuka matsattsu ne, don haka jiragenta sun fi na Amurka da na nahiyar Turai ƙanƙanta a faɗi da tsayi, ko da yake a layi iri ɗaya suke tafiya. In aka rage kan jirgin Ingila sau 87, cikinsa ba ya ɗaukar injin wani ko injin lantarki na wancan zamani. Ga kuma tayoyi: don jirgi ya iya shan kwana mai tsanani a kan tebur, dole a yi su da kauri fiye da kima, a bar musu sararin motsi, sai su rasa wurin zama a ƙarƙashin siririn jiki. Mafitar masana'anta ita ce a ƙara girman jikin zuwa milimita 4 a kowace ƙafa, wato 1:76.2, a bar layin a 16.5. Wannan shi ne OO na Birtaniya.

Kuɗin sulhun ana iya auna shi. A 1:76.2 layin da ya dace milimita 18.83 ne. Layin 16.5 yana wakiltar ƙafa 4 da inci ɗaya da rabi, wato ya gaza na gaske da inci 7. An yi muhawara mai zafi a mujallun sha'awar tsakanin masu 3.5 da masu 4, amma kasuwa ce ta yanke hukunci. A 1938 kamfanin Meccano na Liverpool ya fito da jiragen Hornby Dublo a kan OO, sunan kansa wasa ne da lafazin sifiri biyu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin Tri-ang ya cika gidaje da jiragen roba masu araha a kan gwargwado ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sa'ad da ƙananan injinan lantarki suka samu, dalilin farko ya kau, akwai jirage da gidaje da gadoji marasa adadi a hannun jama'a waɗanda aka ƙera a milimita 4. Kamfanin Lima na Italiya ya gwada sayar da jiragen Birtaniya a HO a shekarun 1970, bai sami karɓuwa ba, ya koma OO.

A Amurka da nahiyar Turai, inda jirage suke da girman jiki, HO ya zauna ba tare da wahala ba, har ya zama gwargwadon da ya fi kowane yaɗuwa a duniya. Ƙungiyar NMRA da aka kafa a Milwaukee a 1935 ta tsara ƙa'idojinsa a Amurka, ƙungiyar MOROP da aka kafa a Genoa a 1954 ta tsara na Turai. Abin mamaki shi ne Amurka, wadda har yau da inci take awo, ta rungumi ma'aunin da milimita ce ginshiƙinsa. Babu wani yankin inci mai sauƙi da ya yi daidai da milimita 3.5. Daga nan ne buƙatar rula ta musamman ta zama dole ga dubban mutane.

Masu gyara da masu maimaitawa

Waɗanda inci 7 ɗin nan ya tsone wa ido a Birtaniya ba su taɓa rular ba, layin suka faɗaɗa. Wasu suka koma milimita 18, daga baya 18.2, suka kira shi EM, suka kafa ƙungiyarsu a 1955. A tsakiyar shekarun 1960 wani rukuni ya tafi har 18.83, da tayoyi sirara kamar na gaske, aka san shi da P4. Dukansu da rular milimita 4 suke aiki, amma jirgin ɗaya ba ya hawa layin ɗayan.

Masana'antu kuwa sun maimaita tsohon sulhun sau biyu. A Amurka aka ƙirƙiro TT a tsakiyar shekarun 1940, kashi ɗaya bisa goma na inci a madadin ƙafa, wato 1:120 a kan layin milimita 12, kuma lissafinsa daidai yake. Da Tri-ang ya kawo shi Birtaniya a 1957 sai ya kumbura jikin zuwa milimita 3 a kowace ƙafa, kusan 1:102. Haka aka yi wa N, wanda kamfanin Arnold na Nuremberg ya daidaita a 1:160 a kan layin milimita 9 a farkon shekarun 1960: Birtaniya ta mai da shi 1:148. Japan ta ɗauki 1:150 ga jiragenta na yau da kullum, waɗanda ke tafiya a kan layi mai faɗin ƙafa 3 da inci 6, ta bar 1:160 ga jiragen Shinkansen. Märklin ya ƙara da Z a 1972, 1:220 a kan layin milimita 6.5.

Faɗin ƙafa 3 da inci 6, milimita 1,067, shi ne na tsohon layin da ya iso Kano a 1911, saɓanin layin Abuja zuwa Kaduna na 2016 mai faɗin 1,435. Mai son kwaikwayon tsohon jirgin Kano yana da zaɓi irin na ma'abota New Zealand, waɗanda layinsu na gaske faɗinsa ɗaya da shi: su kan ɗauki layin milimita 16.5 da ake samu a ko'ina, su ƙera jiki a 1:64, domin 1,067 in aka raba da 64 yana ba da 16.7. Wannan gwargwado, wanda ake kira S, uku bisa sha shida na inci ne a madadin ƙafa, kuma yana jikin rular masu zanen gine-gine.

Neman rular da aiki da ita

Daga wannan tarihi hanyar neman rula take fitowa. Harafin da ke jikin kwali bai isa ba, domin O uku ne, N ma uku ne, kuma OO da HO layi ɗaya suke hawa alhali akwai bambancin kashi 14 cikin ɗari a girmansu. Adadin gwargwadon ake fara tabbatarwa.

Wanda ke aiki a 1:48 ko 1:64 ko 1:32 ba ya buƙatar komai sai rular masu zanen gine-gine ta inci, mai kusurwa uku, domin dukansu suna jikinta. Mai 1:120 zai sami biyan buƙata a rular injiniyoyi wadda ta raba inci gida goma. Mai HO da OO da O na Birtaniya da N kuwa sai rular da aka yi dominsu, wadda shagunan kayan sha'awar da ƙungiyoyin ma'abota ke sayarwa, galibi ta ƙarfe, ɗauke da gwargwado biyu zuwa huɗu a gefunanta. Ta ƙarfe ta fi, domin da ita ake jan wuƙa wajen yanka kwali ko roba.

Tarkon da ya fi kama sabon shiga shi ne na kusa-kusa. Rular mita mai kusurwa uku sau da yawa tana ɗauke da 1:75, wanda ido zai ce ai shi ne 1:76.2. Tarago mai tsawon ƙafa 64 milimita 256 ne a OO. A 1:75 zai fito 260. Milimita 4 ɗin da ta ƙaru ƙafa guda ce cur. Haka wanda ya ɗauki 1:96 a madadin HO zai ƙare da gidan da ya gaza da kusan kashi ɗaya bisa goma, ƙofarsa ta yi wa mutanen da ke tsaye a tasha kaɗan.

Inda rular ba ta samu ba, ana iya buga ta a takarda, da sharaɗi biyu. A umarci firinta ta buga da girman asali, kada ta daidaita hoton da shafi, domin takardar A4 da ta Amurka girmansu ba ɗaya ba ne. Sannan a gwada abin da ya fito da rular ƙarfe ta milimita: ƙafa 25 a OO dole su cika milimita 100, ƙafa 20 a HO su cika 70. Takarda tana miƙewa da laima, don haka rular takarda ta wucin gadi ce. Rular milimita ta yau da kullum ma tana wadatarwa in an riƙe adadi ɗaya a ka. Kwantenar kaya mai ƙafa 40 milimita 160 ce a OO, 140 a HO, 76 a N na 1:160. Mutum mai tsayin mita 1.75 milimita 23 ne a OO, 20 a HO, 11 a N.

Wajen karatu, yawancin waɗannan ruloli sun gaji tsarin ɗakin zane: sifiri ba a bakin rular yake ba, yana ɗan ciki, kuma ƙafa ɗayan da ke bayansa ita aka rarraba zuwa inci. Don auna ƙafa 9 da inci 6, sai a ɗora lamba 9 a gefe ɗaya, a ƙirga inci 6 a bayan sifiri. Inci ɗaya a OO sulusin milimita ne, bai kai kaurin bakin fensir ba, shi ya sa gwanaye ke yin alama da tsinin wuƙa. Suna kuma auna kowace taga da ƙofa daga gefe guda na bango, domin in aka riƙa aunawa daga taga zuwa taga, ƙananan kurakurai taruwa suke yi.

Akwai ƙa'idar injiniyoyi da ta shafi zane: adadin da aka rubuta ya fi abin da rula ta karanta. Zanen da aka buga a mujalla ko aka yi wa fotokwafi yana iya raguwa ko ƙaruwa ba a sani ba. Kafin a amince da shi sai a gwada rular a kan wani tsawo da aka rubuta adadinsa. In hoto kawai ake da shi, sai a nemi abin da aka san girmansa a ciki. A ginin bulo na zamani a Birtaniya, kowane jeri tare da simintinsa milimita 75 ne, don haka ƙirga jeri yana ba da tsayin bango.

Akwai kuma inda ake ajiye rular da gangan. Kwanar da aka fi amfani da ita a layin Hornby, mai nisan milimita 438 daga tsakiyar da'ira, tana wakiltar mita 33 ne kacal, kwanar da babu jirgin fasinja na babban layi da zai iya sha. Tasha ta gaske in aka rage ta ba tare da datsewa ba tana iya fin ɗaki tsawo. Ma'abota suna rage tsawon dandamali da tazarar tashoshi da saninsu, su tsananta awo a kan abin da ido ke iya kwatantawa.

Abin da awon yake tsarewa

Mai tambaya zai ce me ya yi zafi a kan sulusin milimita. Amsa ɗaya tana ƙauyen Long Wittenham kusa da Oxford. Roye England, wanda ya zo Ingila daga Ostareliya a 1925, ya ga tsofaffin gidajen karkara masu rufin ciyawa a yankin Vale of White Horse ana rushe su ko ana sauya musu kama. Ya shiga auna su yana ɗaukar hotunansu, yana sake gina su da kwali a milimita 4 a kowace ƙafa. Aikin ya zama gidan tarihi na Pendon da aka kafa a 1954, inda jirage ke tafiya a kan layin EM. Gine-ginen da aka kwaikwaya da yawansu sun sauya ko sun shuɗe, kuma ƙaramin kwafin ya zama shaida a kansu saboda an auna shi da gaskiya. Da an ƙera shi da ƙiyasin ido, da abin ado ne kawai.

Ɗaya amsar ta shafi zaman tare. Ma'auni alkawari ne tsakanin mutanen da ba su san juna ba, kamar yadda mudun kasuwa yake aiki muddin mai saye da mai sayarwa sun yarda da shi, ko da ya saɓa da na kasuwar gaba. Milimita 4 ta rayu ne domin mai ƙera tarago da mai ƙera gada da mai zuba ƙananan mutane na roba duk sun riƙe ta, abin da ɗaya ya yi yana zama kusa da na ɗayan ba tare da ya fita daban ba.

A 2022, shekara ɗari bayan jirgin tebur na Bing, kamfanonin Peco da Hornby suka fito da kayan jiragen Birtaniya a 1:120 a kan layin milimita 12, inda jiki da layi suka jitu. Injin lantarki ya daɗe da daina zama cikas. Amma OO ne har yanzu ke riƙe da kasuwar ƙasar. Ma'abocinsa yana ɗora rularsa a jikin tarago ta ba shi tsawon da ke rubuce a zanen kamfani, ya ɗora ta a bangon tasha ta ba shi tsayin da magina suka gina. In ya gicciya ta a kan layi, ƙafa 4 da inci ɗaya da rabi za ta nuna masa, kamar yadda take nunawa tun shekarun 1920.